Neman kalma: me za mu kira "neonatal sepsis" da Hausa?

Mai tambaya: Salamu alaikum jama'a. Ina rubuta taƙaitaccen tarihin wata likita 'yar Amurka, Barbara Stoll, kuma kalmomi biyu sun tsaya mini a wuya: sunan sana'arta, "neonatologist", da sunan cutar jarirai da ta daɗe tana bincike a kanta, "neonatal sepsis".

Ga matar a gurguje. Ta gama karatun likita a Jami'ar Yale a 1975, ta ƙware kan jarirai a Jami'ar Emory da ke Atlanta, ta yi 'yan shekaru a cibiyar binciken cutar gudawa ta Dakka a Bangaladesh. Da ta koma Emory ta zama shugabar sashen yara a 2004, a 2015 kuma aka ba ta shugabancin makarantar likitoci ta Jami'ar Texas da ke Houston.

Aikin da aka fi saninta da shi na bakwaini ne, waɗanda nauyinsu bai wuce kilo ɗaya da rabi ba. A 2002 ita da abokan aikinta suka kwatanta jariran da aka haifa daga 1991 zuwa 1993 da na 1998 zuwa 2000. A tsakanin nan asibitocin Amurka sun soma ba masu naƙuda maganin kashe ƙwayoyin cuta saboda wata ƙwaya, GBS, da jariri kan ɗauka daga jikin uwa lokacin fitowa. Dabarar ta ci: kamuwa da GBS ta faɗo daga 5.9 zuwa 1.7 cikin kowane jariri 1,000. Sai dai wata ƙwayar cutar, E. coli, ta tashi daga 3.2 zuwa 6.8, kuma mafi yawanta ba ta jin maganin ampisilin. Da wane suna zan ba da wannan labari?

Malamin Hausa: Wa alaikumus salam. Kalmar farko, "neonatologist", ba ta kai a tara mutane ba. Muna da likitan yara, likitan ido, likitan mata, to wannan likitan jarirai ne. Wani zai ce jinjiri ya fi nuna ɗanyen jiki, amma jam'insa, jirajirai, ba kowa ke faɗinsa yau ba. Inda ake son a nuna kwana 28 ɗin da likitoci ke ƙirgawa, a ce jarirai sabbin haihuwa. Ta biyun kuwa, na sha jin "gubar jini" a rediyo. Me ya hana a bar ta?

Ma'aikaciyar jinya a ɗakin jarirai: Malam, Allah ya ƙara ilimi, amma don Allah a raba mu da guba. Ni ce nake tsaye gaban kaka idan an kawo jariri. Ka ce mata guba ta shiga jinin jikanta, tambayar farko ita ce wa ya ba shi. Kafin la'asar an fara kallon kishiya. In babu kishiya, sai a ce nonon uwar ne ya ɓaci, a janye yaro daga nono a daidai lokacin da ya fi bukatarsa. Mu da muke fama a daina zubar da daƙashi, ba ma bukatar kalmar da za ta ƙara mana aiki.

Yadda suke zuwa ke nan: jariri ɗan kwana huɗu ko biyar, an naɗe shi da zani biyu da tawul, amma ka taɓa tafin ƙafarsa ka ji sanyi. Uwar ta ce tun jiya ya daina kama nono, kuma bai yi kuka ba, har ana yabonsa wai yaro mai haƙuri. Ka buɗe cibiya ka ga gefenta ya yi ja, tana ɗan wari, ga sauran man goge baki da aka shafa don ta yi saurin faɗuwa, ko tabon tsumma mai zafi da aka gasa ta da shi. Wannan hoton nake so kalmar ta riƙa kawo wa mutane.

Kuma kada wani ya ce a ari "infekshan". A bakin matanmu ta riga ta zama ciwon sanyi.

Wani daga Maraɗi: Mu nan ma'aikatan lafiya da Faransanci suke faɗinta a tsakaninsu, in sun juyo wajen iyaye sai su ce cutar jini. Wani kuma ya ce zazzaɓin jarirai. Ɗaya daga cikinsu ba za ta yi ba?

Likita a sashen yara: Ɗan'uwa na Maraɗi, cutar jini tana da masu ita. Duk wanda ya ji zai ɗauka sikila ake nufi, ko sankarar jini, ko ƙarancin jini. Zazzaɓin jarirai kuwa ita ce na fi tsoro cikin duk abin da aka kawo. Kamar yadda Sista ta nuna, jariri sabon haihuwa, balle bakwaini, sau da yawa jikinsa sanyi yake yi. A alamomin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta lissafa, zafi na digiri 38 alama ce, sanyi ƙasa da 35.5 ma alama ce, haka ƙin shan nono, numfashi 60 ko fiye a minti ɗaya, lotsawar ƙirji sosai, jijjiga, da rashin motsi sai an taɓa shi. Idan muka sa zazzaɓi a sunan, uwar da ɗanta ya yi sanyi ƙalau za ta zauna a gida tana jiran zafin da ba zai zo ba.

Ga abin da ke faruwa a jiki, ko zai taimaka wa masu ƙirar kalma. Ƙwayar cuta tana shiga ta wata ƙofa: hanyar haihuwa, musamman in faya ta fashe aka daɗe ba a haihu ba, ko cibiya, ko fata, ko robar ƙarin ruwa a asibiti. Garkuwar jikin babba kan tsare cuta a wuri guda, ta zama maruru ko ƙurji. Ta jariri ba ta yi ƙwari ba, sai cutar ta bi jini ta kai huhu, ta kai ƙoda, wani lokaci ta kai rufin ƙwaƙwalwa ta zama sanƙarau. Martanin da jikin ke mayarwa shi ma yana yi wa gaɓoɓin lahani. Jini hanya ce kawai.

Mai tambaya: To Likita, in jini ne hanyar, me zai hana "shiga-jini"? Gajeriya ce, tana da daɗin faɗa.

Malamin Hausa: Tana da daɗi, amma an riga mu. In aka ce abu ya shiga jinin mutum, sabo ake nufi ko ƙauna. Kasuwanci ya shiga jininsa, yaron nan ya shiga jinina. Sai dai bayanin Likita ya tuna mini da abin da tsofaffi ke cewa idan ciwo ya wuce inda ya fara: cuta ta game masa jiki. Ga kalmar nan a kwance. Hausa tana ƙera suna daga aikatau da abin da ya faɗa wa, irin su gama-gari da hana-salla. Ina ba da shawarar ciwon game-jiki. Na jarirai kuma, game-jikin jarirai.

Wani daga Maraɗi: Malam, tunda gama-gari ka kawo, ai gama-jiki ya kamata.

Malamin Hausa: Ta fuskar ƙira kana da hujja. Amma gama tana da fuska biyu, akwai ta haɗewa akwai ta ƙarewa. Uwar da aka ce ɗanta na da gama-jiki za ta ji an gama da shi, ta ce a ba ta abinta ta tafi gida. Game kuwa muna da ita a "ruwan dare game duniya", ba mai jin ta ya rikice.

Ma'aikaciyar jinya a ɗakin jarirai: Wannan zan iya faɗa wa kaka. "Hajiya, ciwon ba a cibiya kaɗai yake ba, ya fara game jiki, shi ya sa sai an yi allura an kwantar da shi." Ba a zargi kowa ba, kuma ta ji dalilin da shafe-shafe ba zai isa ba. Ƙorafina ɗaya, ƙyanda ma tana game jiki, ƙaiƙayi ma haka. Sai mun riƙa haɗa ta da alamomin har kunne ya saba.

Mai tambaya: Madalla. Saura reshe ɗaya. Stoll ta raba cutar biyu, mai zuwa da wuri da mai zuwa daga baya. A wani bincikensu na 2002, kashi 21 cikin 100 na ƙananan bakwainin da suka wuce kwana uku a raye sun kamu da ta bayan, galibi da ƙwayoyin da ke zaune a fata. Na so in ce na kafin suna da na bayan suna, don kowa ya san kwana bakwai.

Likita a sashen yara: Ya yi kyau a kunne, kuma masu nazarin GBS da makon farko suke yanka iyakarsu. Amma a aikin Stoll iyakar awa 72 ce. In ka rubuta kafin suna cikin tarihinta, ka sa mata magana a baki. Rabon yana da dalili: na kwana ukun farko yawanci daga jikin uwa ne lokacin haihuwa, na baya kuwa daga hannuwa ne, da kayan aiki, da gadon kwalba, da abin da aka shafa a cibiya. Ka ce na kwana ukun farko, da na bayan kwana uku. Kada ka ce "na haihuwa", za a ɗauka na gado ne.

Abin da ya ƙara sa na karkata ga game-jiki shi ne ba ta ɗaure da wata ƙwaya. Binciken BARNARDS da aka yi a ƙasashe bakwai na Afirka da Asiya, har da asibitin Murtala na Kano da wasu asibitocin Abuja, ya nuna wata ƙwaya mai suna Klebsiella ce ke kan gaba, GBS kuwa ba ta da yawa, kuma ƙwayoyi da dama ba sa jin magungunan da aka saba farawa da su. Akwai kuma gwajin AFRINEST da aka yi har da Zariya, wanda aka buga a 2015: inda iyaye ba za su iya kai jariri babban asibiti ba, allurar jentamaisin da amoksisilin na sha a ƙaramin asibiti suna aiki ga waɗanda ciwonsu bai yi tsanani ba. Ma'aikacin lafiya na ƙauye da zai yi wannan allura yana bukatar sunan da zai faɗa wa maigida.

Wani daga Maraɗi: Na yarda da game-jiki, amma ni a rubutu zan riƙa cewa "ciwon game-jiki na ƙwayoyin cuta" a karon farko, saboda maganar ƙyanda da Sista ta kawo.

Mai tambaya: Na ɗauka. Ga yadda jimlar za ta fito: "Barbara Stoll likitar jarirai ce da ta yi fice wajen binciken ciwon game-jiki na ƙwayoyin cuta a jarirai bakwaini, na kwana ukun farko da na bayan kwana uku." Malam, Sista, Likita, ɗan'uwa na Maraɗi, Allah ya saka da alheri. Likita, ka shirya, don a sakin layi na gaba akwai gwajin da ake ɗibar jini a zuba a kwalba a jira ƙwayar ta tsiro, kuma ban yarda in rubuta "shukar jini" ba sai na ji ta bakinka.