Wace kalma za mu raɗa wa "libertarian" da Hausa?

Mai fassara, Ringim:
Assalamu alaikum malamai. Wannan kalma tana yawan faɗo wa masu fassara labaran Amurka da Ajantina, kuma kowa da yadda yake mayar da ita. Wasu su ce "masu sassaucin ra'ayi", alhali mun riga mun ba 'yan libaral wannan. Wasu su ce "masu tsattsauran ra'ayi", sai mai sauraro ya zaci masu ɗauke da makami ake nufi. Wanda ya fi ba da wuya shi ne ɗan mazan jiyan da ya karkata ga wannan aƙida. Ina son kalmar da manomi zai ji a rediyo yana bakin gona ya gane, ba sai an yi masa sharhi ba.

Malamin kimiyyar siyasa, Dambatta:
Wa alaikumus salam. Mu fara da abin da suke faɗi. Tushen ɗaya ne: mutum shi ke da iko da jikinsa da dukiyarsa, ba wanda ke da hurumin taɓa shi da ƙarfi matuƙar bai taɓa wani ba, ko da kuwa hukuma ce. Saboda haka aikin gwamnati a wurin mafi yawansu uku ne, soja, 'yan sanda, sai kotun da za ta raba gardama ta sa a cika alkawarin ciniki. Haraji a rage shi sosai. Ƙayyade farashi babu, tallafi babu, rufe boda don kare wani ɗan kasuwa babu, mafi ƙarancin albashi ma ba su yarda da shi ba. Na cikinsu masu zurfi har caca da shaye-shaye cewa suke ba ruwan hukuma, kuma ba sa son a tura soja yaƙi ƙasar wasu. Suna da jam'iyya a Amurka, an kafa ta a jihar Kolorado a 1971. Mafi yawan abin da ta taɓa samu a zaɓen shugaban ƙasa shi ne na 2016, da Gary Johnson ya tashi da ƙuri'a kusan miliyan 4.5, kashi 3 cikin 100 da 'yan kai. Masu tasirin cikinsu galibi a jam'iyyar Rifablikan suke raɓe.

Tsohon malamin gona, Gwarzo:
To Malam, in haka ne a ce musu 'yan kasuwa-ta-yi-halinta. Dattawa sun san zamanin da hukuma ke yanka wa gyaɗa da auduga farashi, manomi ya kai wa ejan sikeli, abin da aka yanka shi zai karɓa ko da kuwa a Ingila ta ninka haka. An rushe waɗannan hukumomi a 1986 lokacin Babangida. Yau riɗi da zoɓo a Maigatari ko Dawanau, dillali da mai kaya su ke yin ciniki. Wannan ai shi suke so.

Malamar Hausa, Kazaure:
Baba, misalinka ya yi, sunan ne bai yi ba. In Bahaushe ya ce kasuwa ta yi halinta, faɗuwa yake nufi, an tafka asara. Ka ga mun zage su tun kafin su buɗe baki. Sannan ya tsaya a ciniki kaɗai.

Ga waɗanda na auna na ajiye. "'Yan ba-ruwanmu" na ƙasashen da suka ƙi bin Amurka ko Rasha ne. "Cin gashin kai" ya tafi ga ƙananan hukumomi da jami'o'i. "Sawaba" da ta dace, amma ta NEPU ce tun 1950, kuma Malam Aminu gwamnati yake so ta tsaya wa talaka, su kuwa so suke ta matsa gefe. "Kara-zube" zagi ne, domin su ba su ce a rushe kotu ba, sai 'yan tsiraru daga cikinsu. "'Yan jari-hujja" ita ce ta fi yaudara. Lokacin da aka rufe bodojin ƙasa daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020, masu injinan casar shinkafa sun ci riba, manoman Kura da Auyo ma sun ɗan dara. Mai injin nan ɗan jari-hujja ne cikakke, amma ɗan wannan aƙida cewa zai yi an tauye mai saye don a azurta mai sayarwa, a buɗe boda kowa ya gwada sa'arsa.

Ɗalibi, Gumel:
Anti, me zai hana 'yan a-sakar-mana-mara? Kowa ya san maganar.

Tsohon jami'in haraji, Haɗeja:
Yaro ka kusa. Sai dai duk wanda ya ji "mara", bakinsa zai ƙarasa masa da "fitsari", mai karanta labarai ba zai iya riƙe dariya ba. A bar ta a majalisar mai shayi. Wani abin da nake so a kiyaye: kada a ɗauki ƙin haraji a matsayin ma'auni. Marigayi Abubakar Rimi ya soke haraji da jangali a Kano bayan hawansa a 1979, kuma PRP ɗinsa ta fi kusa da gurguzu. Ya soke ne don ya karya ikon masu sarauta a kan talaka, ba don gwamnati ta ƙanƙance ba.

Lauya, Birnin Kudu:
Ina roƙon duk kalmar da za a zaɓa kada ta ɗauki hukunci a kan zubar da ciki, don a nan gidansu a rabe yake. Ɓangare ɗaya ya ce jikin mace nata ne, hukuma ba ta da ikon tilasta mata ɗaukar ciki wata tara. Ɗaya ɓangaren ya ce abin da ke cikin rai ne mai haƙƙi, cire shi fara taɓa wani ne da ƙarfi, kare shi kuwa yana cikin ɗan aikin da ya rage wa gwamnati. Duka biyun daga tushe ɗaya suke kafa hujja, abin da ya raba su shi ne yaushe ɗan tayi ke zama mutum. Jam'iyyar tasu ta daɗe da sakin layi a manufofinta da ke cewa gwamnati ta fita daga maganar, sai a 2022 ta goge shi gaba ɗaya.

Ɗan mazan jiyan da mai fassara ke tambaya a kai yana ɓangare na biyu. Misali Ron Paul na Tekzas, likitan haihuwa ne, ya yi wa jam'iyyar takarar shugaban ƙasa a 1988, ya nemi tikitin Rifablikan a 2008 da 2012. Yana adawa da zubar da ciki, amma ya fi son a bar wa kowace jiha ta yi dokarta. Kusan hakan Kotun Ƙolin Amurka ta yi ranar 24 ga Yuni 2022, da ta soke hukuncin 1973 da ya ba mata damar zubar da ciki, ta mayar da maganar hannun jihohi. A Arewa kuwa sashe na 232 na Final Kod, wato kundin dokar hukunta laifuka, bai yarda ba sai don ceton ran uwa, kuma ɗaurin kan kai shekara 14.

Malamin fiƙihu, Wudil:
Barista ya yi daidai. A mashhurin mazhabar Malikiyya ba a yarda a fitar da abin da ya zauna a mahaifa ba ko kafin kwana 40, bayan busa rai kuwa malamai ba su saɓa ba a kan haramcinsa. Ta fuskar farashi, akwai hadisin Anas da aka nemi Manzon Allah (SAW) ya ƙayyade farashi a Madina ya ƙi. Amma kada wani ya ɗauko wannan ya ce aƙidar tamu ce. Mu muna da zakka wadda hukuma ke karɓa, an hana riba, an hana ɓoye abinci, kuma malamanmu sun ba shugaba dama ya sa baki in 'yan kasuwa sun haɗa kai sun ƙuntata wa jama'a.

Malamar Hausa, Kazaure:
To ga tawa. Kullum a labarai muna jin "gwamnati ta tsame hannunta daga harkar mai". Kunne ya saba. Da na ce 'yan tsame-hannu, sai na ga za a ɗauka su ne suka tsame nasu, kamar uban da ya sallama ɗa. Ginin da ɗalibinmu na Gumel ya kawo shi ne maganin: a sa "a" a gaba, irin na 'yan a-ware, sai ta zama buƙata da ake miƙa wa wani. Ɗan a-tsame-hannu, 'yar a-tsame-hannu, 'yan a-tsame-hannu, aƙidar a-tsame-hannu. A farkon labari a buɗe ta sau ɗaya: masu ra'ayin gwamnati ta tsame hannu daga dukiya da rayuwar mutane. Irin su Ron Paul kuma a ce ɗan mazan jiya mai ra'ayin a-tsame-hannu. Rabin farko ya ɗauki addini da iyali da zubar da ciki, na biyu ya ɗauki haraji da kasuwa.

Malamin kimiyyar siyasa, Dambatta:
Na gwada ta, ta zauna: "Javier Milei, ɗan a-tsame-hannun da ya hau mulkin Ajantina a Disambar 2023, ya rage ma'aikatu daga 18 zuwa 9, ya karya darajar feso, kuɗin ƙasar, da fiye da rabi." Ya tarar da hauhawar farashi ta haura kashi 200 a shekara, ta sauko ƙwarai bayan matakan, amma talauci ya kai kusan kashi 53 a rabin farko na 2024 kafin ya ja baya. Shi ma yana adawa da zubar da ciki, wanda ƙasarsa ta halatta a 2020.

Inda za a yi kuskure shi ne liƙa wa mutum sunan saboda mataki guda. Tinubu ya cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu 2023, ya saki naira kasuwa ta yanka mata daraja a watan Yuni, waɗannan matakan a-tsame-hannu ne. Amma shi ne ya sa hannu a mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 a 2024, yana kuma rabon tallafin kuɗi da taki. A siffanta matakin, a bar mutumin.

Mai fassara, Ringim:
Na ɗauka, Allah ya saka da alheri. Hajiya, a kanun labari inda wuri ya yi ƙaranci, zan iya yanke ta zuwa 'yan a-tsame?

Malamar Hausa, Kazaure:
Kar ka yanke tukuna, Malam. Ba "hannu", mai karatu zai zaci nama ake tsamewa daga miya. In wuri ya ƙure, ka rage wata kalmar a kanun, ka bar wannan da karan-ɗorinta biyu.