Ƙullutu a gefen gwiwa: MRI ya nuna tsagewa da jakar ruwa

Ɗan Mabera:
Salamu alaikum. Ƙanena, ɗan shekara 29, na da ƙullutu kamar goro a gefen gwiwa ta waje, in ya tanƙwashe ƙafa sosai sai ya ɓace. Sakamakon MRI (hoton cikin jiki na asibiti) ya ce miniskus ya tsage, mataki na 3, kuma akwai jakar ruwa. Mutanen gida sun ce a kai shi ga wanzami a yi mishi sakiya. Mi wanga sakamako ke nufi?

Mai Hoto:
Wa alaikumus salam, Malam. Miniskus guringuntsi ne mai siffar jinjirin wata, biyu ne cikin kowace gwiwa, na ciki da na waje, su ne matashin da ke tsakanin ƙashin cinya da na ƙwauri. Lafiyayye baƙi ƙirin yake fitowa a MRI. Mataki na 1 ɗigon haske ne a cikinsa, na 2 layin haske ne da bai kai fuskar guringuntsin ba. Waɗannan biyu ba tsagewa ba ne, ko da yake suna tayar wa mutane da hankali. Na 3 shi ne hasken ya kai fuska, wato ya tsage. Hoton yanka-yanka ake ɗaukarsa, kaurin milimita 3 zuwa 4, kuma sai an ga layin a yanka biyu ko fiye ake sakankancewa. A yanka ɗaya kawai, wata jijiya da ta gitta kusa na iya ruɗin mai karanta hoton, haka ma motsin ƙafa cikin minti 20 zuwa 30 da ake ɗaukar hoton.

Likitan Ƙashi:
Don Allah a bar batun sakiya. Jakar nan ɗiyar tsagewa ce. Galibi tsagewar kwance ce, wadda ta raba miniskus sama da ƙasa. Duk sa'ad da anka taka ƙafa, ruwan gwiwa ya kutsa ta tsagar ya taru a gefe, komawa kuma ta yi mishi wuya. Ruwan kauri gare shi kamar yauƙin kuɓewa. Ko a asibiti anka zuƙe shi da allura, sau da yawa yana dawowa, tunda ƙofar na buɗe. Balle ƙarfen wanzami: jakar haɗe take da cikin gwiwa, in ƙwayar cuta ta shiga, gaɓar duka ke yin mugunya.

Abin da likita zai duba shi ne inda tsagar take. Jini na kaiwa ga kashi ɗaya cikin uku na bakin waje kaɗai, can ɗinki ke kamawa. Ta can ciki yanke ɓangaren da ya lalace ake yi ta tiyatar kyamara, a zubar da ruwan jakar lokaci guda. Ku tafi da faifan hoton, ba takardar sakamako kaɗai ba.

Hajiya Arkilla:
Ɗana, tiyata ba tilas ba ce in zafin kaɗan ne. Ana farawa da sashen gashin ƙashi, a ƙarfafa naman cinya, a rage tsuguno da ƙwallo. In zaman tahiya na mishi ciwo, ya yi salla bisa kujera. Amma in gwiwar ta maƙale ta ƙi miƙewa, alama ce wani yanki ya naɗe ya shiga tsakiyar gaɓa. Wannan ba a kwana da shi ana shawara, a kai shi ga likitan ƙashi cikin kwanakin nan.