Amintattun PTA: na har abada ko masu wa'adi?

Sakatare: Assalamu alaikum iyaye. Kamar yadda aka faɗa a taron Asabar, banki ya ƙi buɗe mana asusu da sunan PTA, ƙungiyarmu ta iyaye da malamai, sai da takardar rajistar CAC, hukumar rajistar kamfanoni da ƙungiyoyi, kuma bawan Allah da ya yi alkawarin sa mana sola a rijiyar burtsatse ya ce ba zai tura kuɗi asusun mutum ɗaya ba. Rajista kam kowa ya yarda. Inda aka tashi ba a daidaita ba shi ne shawarar Shugaba, cewa dattawa biyar da suka kafa ƙungiyar su zama amintattu muddin ransu. Bismillah.

Shugaba: Ni na kawo wagga shawara, kuma ina nan kanta. Iyaye baƙi na, shekara shida yaro ya ƙare sun wuce. Mu munka tara kuɗin filin da ke bayan makaranta, mu munka san iyakarshi. In anka bar abin ga zaɓe, wata rana a ɗauko wanda bai san mafari ba ya sa hannu a saida shi. Amintacce kamar mai kula da waƙafi na, ba a sauya shi kamar riga.

Maman 'yan biyu: Baba Alhaji, Allah shi ƙara girma, ba mai musun wahalar da kuka sha. Amma cikin ku biyar, uku ba su da ɗa ko jika a makarantar yanzu. A watan Afrilu ni na tarar da 'yan aji biyu zaune a kan siminti, rana ta gasa kwano, randar ajin ba ko ɗigo, 'yata ta dawo leɓenta a bushe. Wanda ɗansa ba ya cikin wannan zafin ba zai ji shi kamar mu ba. Kuma ko mai kula da waƙafi, in ya gaza alƙali na sauke shi.

Barista: Bari in sa baki, don ana haɗa abu biyu. Rajistar da za mu yi tana ƙarƙashin dokar CAMA ta 2020, wato dokar kamfanoni, ɓangaren amintattu. Mutum biyu ma sun isa. Da zarar takarda ta fito, amintattun sun zama jiki ɗaya a idon doka: da sunan nan ake riƙe fili, da shi ake kai ƙara ko a kawo. Wannan jikin shi ne ba ya mutuwa, ba mutanen cikinsa ba. Don haka Shugaba, filin ba ya buƙatar ku dawwama kafin ya tsira. Doka ta bar wa kundin tsarin mulkin ƙungiyarmu ya faɗi yadda ake naɗa amintacce, ikonsa, wa'adinsa da yadda ake maye gurbinsa. Abin da muka rubuta shi zai ɗaure mu. Mu rubuta cewa ba a sayar da kadara sai da yardar kashi biyu cikin uku na babban taro, tsoronka ya kau. Sannan ku sani, in aka kafa majalisar gudanarwa, doka ta ce amintattu suna cikinta. Ba 'yan kallo ba ne.

Ma'aji: Ni dai a rabu da ni da ajiyar kuɗin jama'a a asusuna, ba na barci. Amma Barista, faɗa musu tsadar canji. Duk sauya amintacce sai an sanar da CAC, a buga a jarida, a jira kwana 28 ko wani zai ƙi. Ga rahoton shekara-shekara. Daga ɗan abin da iyaye ke bayarwa za mu riƙa biyan wannan duk shekara?

Barista: Gaskiyarka, shi ya sa ban ce shekara ɗaya ba. Shekara huɗu, a sauya biyu ko uku lokaci guda, kada a kwashe su duka.

Alhaji na Tsohuwar Kasuwa: To wa zai yi zaɓen? Yarana tara a makarantar nan, tara nake biya wa. Ƙuri'ata ɗaya da mai yaro guda? A ƙirga da yawan yara.

Hajiya Kaka: Alhaji, ka ji tsoron Allah. Marayu uku nake riƙo, 'ya'yan ɗana. Zangon da ya wuce ban iya biya ba sai da na saida tunkiya. In anka ce ƙuri'a da kuɗi ce, ni da irina mun fita ke nan. Kuma ku duba rajistar taro ku gani, wa ke zuwa? Mata ne, maza suna kasuwa. Amma daftarin kundin da Sakatare ya karanta cewa ya yi "uban yaro". Ni mi ce ce a ciki? A rubuta uwa, uba ko mariƙi, kowa ƙuri'a ɗaya, ko ya biya ko ana bin shi.

Alhaji na Tsohuwar Kasuwa: Hajiya, a gafarce ni, ban nufe ki ba. Na janye ta yawan yara. Amma wanda ke da hali ya ƙi biya, ban yarda ya tsaya takara ba.

Sakatare: Kuskuren daftarin nawa ne, Hajiya, zan gyara. Malamai fa? Ni ina ganin hedimasta ya zauna a majalisa amma kada ya sa hannu a kuɗi, tunda shi ke kawo buƙata.

Shugaba: Na ji batun kashi biyu cikin uku, ya kwanta mini. Amma ku bar kujera biyu ga waɗanda sunka kafa, ukun a yi musu wa'adi. Ƙasa da haka ban sa hannu.

Maman 'yan biyu: Baba Alhaji, kujera biyun ma na yarda, in za su dawo gaban babban taro duk shekara huɗu a sake amince musu. Cikin ukun kuma ɗaya ta zama mace. Malam Sakatare, a kai wannan ga ƙuri'a, kuma don Allah a sa taron bayan la'asar, ba da hantsi ba lokacin da muke kan girki.