Musayar Baitoci Kan Abin Da Aka Yar Da Abin Da Hannu Ke Gyarawa

Malamin makaranta, Mai Wurno:

Assalamu alaikum, iyaye da 'yan'uwa. Damina ta kusa, kuma leda da gorunan roba sun riga sun cika magudanan ruwan kasuwanninmu, saboda haka nake roƙon masu sana'ar hannu da ke cikinmu kowa ya faɗi a waƙe abin da yake ƙerawa daga abin da jama'a suka zubar. Na ɗauki ƙwar biyu da amsa-amon “ra”, amma wanda ya ga ya yi masa ƙunci yana iya sauyawa. Na fara da kakanninmu, waɗanda suka biyo Muhammadu Bello Mai Wurno gabas bayan yaƙin Burmi na 1903, inda mahaifinsa Sarkin Musulmi Attahiru ya yi shahada, har suka kafa wannan gari kusa da Sinnar a ƙasar Sudan.

Da sunan Allah nake buɗe zance,
Wanda ya shimfiɗa ƙasa, ya ba mu basira.

Salati ga Manzon da ya hana ɓarnar ruwa
Ko a bakin kogin da ke kwarara.

Kakanninmu sun baro Burmi da ƙafa,
Suka sauka bakin Nilu a tafarkin hijira.

Ba su zo da akwatuna ko dukiya ba,
Sai allo da ƙwarya da sanda da gora.

Tsumma in ya tsufa sukan yi gammo,
Ƙwarya in ta fashe a ɗinke, a gyara.

Kara ya zama danga, toka ta shiga sabulu,
Kashin shanu ya koma gona a karkara.

Yau mun wayi gari da leda ko'ina,
Ta hau ƙaya, ta toshe kwata, ta zama shara.

Ba ta ruɓewa ta koma ƙasa,
Tana nan kwance shekara bayan shekara.

To, masu hannu, ku nake tambaya,
Me kuke ɗaukowa daga juji ku ƙera?

Baduku, Gadarif:

Malam, na amsa kiranka daga Gadarif,
Garin riɗi da dawa mai dogon kara.

Tayar babbar mota in ta gama aiki,
Nakan saye ta kafin ta zama asara.

Ina jiƙa wuƙa da ruwa in yanka,
In fitar da tafin takalma in jera.

Mai waya a ciki tana cin kaifi,
Mai zare a ciki ita muke jira.

Tiyub ɗin ciki shi ne maɗauri,
Da ragowarsa guga nake tsara.

Manomi ya taka ƙaya da takalmin,
Ya ratsa baƙar laka, ƙafarsa ta tsira.

Gefen tayar kuwa komi nake yi,
Awaki su sha, a wanke, a ƙara.

Abin da ban yarda a yi wa taya ba
Shi ne a cinna mata wuta a hura.

Hayaƙinta baƙi ne, yana shiga ƙirji,
Ya fi kama tsofaffi da ƙananan yara.

Masu ƙona ta don su ciri waya,
Kuɗin kaɗan ne, su yi hattara.

Masaƙiya, Kasala:

Ni mutuniyar Wad Madani ce, yaƙi ne ya kawo mu Kasala a ƙarshen 2023. Ƙwar huɗu na saba da ita, kuma da ita zan amsa.

Ɗana baduku, Allah ya yi maka albarka,
Na ji yadda taya ke bin wuƙarka,
Bari in faɗi tawa a bayan taka,
Domin mata ma suna da dabara.

Da muka bar gida ba mu ɗauki gado ba,
Ba mu samu damar ɗaure kaya ba,
Amma hannu bai manta da saƙa ba,
Shi ne jarin da ya yi mana saura.

Ledar da aka yar nakan tsince ta,
In wanke da sabulu, in shanya ta,
In yanka zobe-zobe, in sarƙa ta,
In murza igiya, dami-dami in tara.

Kujerar banbar nake saƙawa da igiyar nan,
Da gadon angarib irin na ƙasar nan,
Ruwa ba ya ruɓar da saƙar nan,
Kuma ba ta zama abincin gara.

Sai dai rana ce abokiyar gabarta,
In ta daɗe a fili takan busar da ita,
Ta yi ta marmashewa har ƙarshenta,
Don haka a sa ta a inuwa, a lura.

Buhun sukari nakan warware shi,
In ɗauki zaren in naɗe kaba da shi,
Faifai ya fito da zane a kanshi,
A rufe gurasar kisra kada ta sha ƙura.

Ƙyallen da tela ya share waje,
Nakan roƙa in kawo gida in aje,
In daidaita launi, a ƙasa in baje,
Su zama mayafi, su zama sutura.

'Yan matan zango suna zuwa koyo,
Har da matan aure masu goyo,
Ba na yi musu rowa, ba na ɓoyo,
Don kada wata ta fita yin bara.

Mahauci, Sinnar:

Inna, ki yi mini gafara in yi magana,
Ni mahauci ne, a mayanka na lura.

Akuya takan rame alhali tana kiwo,
Mai ita ya rasa inda ciwon ya fara.

In an yanka aka buɗe tumbinta,
Sai a ga dunƙulen ledar da ta tattara.

Kina tsince ɗari a wuni, Inna,
Kasuwa ta saki dubu kafin ki ankara.

Saƙa na da kyau, amma ba ta isa ba,
Sai mun rage karɓa, a nan za a fara.

Duk wanda ya zo mini da kwano ko kwando,
Zan auna masa nama, in yi masa gyara.

Wannan abu mai yiwuwa ne, domin Ruwanda ta hana ledar cefane tun 2008, Kenya ta bi ta a 2017, kuma kasuwanninsu ba su daina ci ba.

Masaƙiya, Kasala:

Ka faɗi gaskiya, ɗana, ban musa maka ba,
Da kwandon kaba aka aike mu muna yara.

Sai dai mai yankan kaba ya bar tsakiya,
Domin goruba ta tofo ta ƙara.

Maƙerin gwangwani, Damazin:

Tun da Malam ya ba da izinin sauyi, ni na ɗauki “wa”.

Gwangwanin man girkin da aka zubar,
A hannuna murhu yake komawa.

In shafe cikinsa da yumɓu da toka,
Zafin ya tsaya, ba ya watsewa.

Gawayin da kan ƙare a girkin rana,
Sai ya kai yamma yana dafawa.

Duk buhun gawayin da gida ya rage,
Wata bishiya ce ta tsira daga sarewa.

Gwangwanin madara ya zama aci-balbal,
Don daren da lantarki ya ƙi dawowa.

Mazurari da ludayi da 'yar butar kofi,
Duk daga abin da ake zubarwa.

Ganga da jarka, kowace iri ce,
In na wanke ta, ruwa take ɗaukowa.

Ma'aikaciyar lafiya, Jazira:

Baba, ka yi haƙuri da 'yarka, baitinka na ƙarshe ne ya hana ni yin shiru. Tun da aka gama madatsar ruwan Sinnar a 1925 ake noman auduga a gonakin Jazira, kuma daga baya maganin feshi ya zama abokin tafiyarta, shi ya sa jarkokinsa suke yawo a ƙauyukanmu har su shiga gidaje a matsayin mazubin ruwa. Game da dalma kuwa, ba mu manta da ɗaruruwan yaran da ta kashe a Zamfara a 2010 ba, lokacin da ake niƙa duwatsun zinariya a cikin gidaje. Haka nan mutanen Kasala sun san zazzaɓin cikungunya na 2018, wanda sauron da ke haihuwa a ruwan da aka ajiye yake yaɗawa. Zan bi amsa-amonka don girmamawa.

Baba, murhunka na yaba masa ƙwarai,
Amma zancen jarka yana son dubawa.

A Jazira na tashi, cikin gonakin auduga,
Inda feshin ƙwari ba ya yankewa.

Jarkar da ta taɓa ɗaukar maganin,
Dafin a jikin robar yake shigewa.

Ko an wanke da sabulu an sa a rana,
Ragowarsa a ruwan sha yake narkewa.

Yaro ya sha, sai dalala da amai,
Numfashinsa ya riƙa sarƙewa.

Wani kuma ba ya nunawa nan take,
A hankali jiki yake lalacewa.

Irin wannan jarka a ɗauraye ta sau uku,
Ruwan a mayar da shi tankin fesawa.

Sannan a huda gindinta da ƙusa,
Don kada wani ya samu abin cikawa.

Haka gangar fenti da ta man inji,
Ba a jiƙa gero a ciki, ba a dafawa.

Batirin mota akwai dalma a cikinsa,
Kada ta shiga tukunyar da ake ƙerawa.

Dalma na taɓa ƙwaƙwalwar yaro,
Abin da ta ɓata ba ya gyaruwa.

Kai ma yaya baduku, komin tayarka
A riƙa kife shi ana shanyawa.

Ruwan da ya kwana bakwai a cikinsa
Ya ba sauro wurin ƙyanƙyashewa.

Maƙerin gwangwani, Damazin:

'Yata, na ji, kuma zan riƙa tambayar
Abin da ganga ta ɗauka kafin sayowa.

Amma talakan da ba ya da kuɗin sabuwa,
A ina zai zuba ruwan da yake ɗebowa?

Maginiyar tukwane, Al-Ubayyid:

Baba maƙeri, tambayarka ta zo gidana. Randa ba baƙuwa ba ce a Sudan, domin ga ta nan a bakin hanyoyi an ajiye ta sadaka don masu wucewa. Dabarar sa tukunya a cikin tukunya kuwa, Malam Muhammad Bah Abba, wani malami daga Jihar Jigawa, shi ne ya yaɗa ta a ƙauyukan arewacin Nijeriya har ya samu lambar yabo ta Rolex a shekarar 2000, daga baya kuma aka kawo ta Darfur. Sirrinta shi ne ruwan da ke bushewa daga jikin yumɓu yana tafiya da zafi, don haka ta fi aiki a busasshiyar iska irin tamu ta Kurdufan, ba ta kuma yin ƙarfi a bakin teku inda iska ke da laima. Na koma kan “ra” ɗin Malam.

Jarkar man girki ba ta da laifi,
A wanke ta, a ɗebo da ita, a ƙara.

Amma ajiya ta randa ce tun asali,
Ruwanta na sanyi ba tare da ƙanƙara.

Ka sa ƙaramar tukunya a cikin babba,
Tsakaninsu yashi, ruwa ka kwarara.

Ka rufe bakin da jiƙaƙƙen tsumma,
A inuwa mai iska a kan dutse ka ɗora.

Tumatir da lalo da ɗanyar kuɓewa
Su daɗe, mai lambu ya huta da asara.

Safe da yamma sai an jiƙa yashin,
In ya bushe, sanyin ya yi ƙaura.

Randa in ta fashe ba na zubar da ita,
Kaskon na kaji ne, su sha a jera.

Tsingaron nakan daka a cikin sabon yumɓu,
Ya hana tukunya tsagewa in an hura.

Mai ɗan tsagu a binne ta a gindin dashe,
A cika ta, saiwa ta sha ba takura.

Tela, Makka:

Ina bin wannan musaya daga nesa, domin iyayena daga Mai Wurno suka ƙetaro. A nan mun ga yadda tsari ke ceton abin da dā ake asararsa: a 1983 aka damƙa wa Bankin Raya Ƙasashen Musulmi da ke Jidda kula da naman hadaya, ana sanyaya shi ana raba wa mabuƙata a ƙasashe da dama, alhali a dā mai yawa daga cikinsa binne shi ake yi a Mina. Goran roba ma an gwada shi a gini, kamar gidan da aka yi a Sabon Yelwa ta Jihar Kaduna a 2011 da goruna cike da yashi.

Daga Misfala nake gaishe ku, dangi,
Ni tela ne a garin Hajji da Umara.

Alhazai in sun sauke harami,
Da yawa sukan bar shi a cikin shara.

Yadi ne fari mai kauri, mai shan ruwa,
Nakan karɓa in wanke shi in gyara.

In yanka tawul, in ɗinka jakar takalmi,
Da shimfiɗa mai taushi ta yara.

Gorunan ruwa kuwa sun fi ƙarfina,
Bayan Arfa sai ka ga tudu an tara.

Darbejiyar da aka dasa a filin
Ita ke ba alhaji inuwa ya sarara.

Da ma kowa zai riƙe gora guda,
In ta ƙare ya je famfo ya ƙara.

Inna, ina so in koyi igiyarki,
Nawa ne faɗin yankan in zan fara?

Masaƙiya, Kasala:

Ɗana tela, ka gaishe da mutanen Makka,
Ka ninka ledar huɗu a kan cinyarka,
Ka cire hannu da gindi da almakashinka,
Yatsa biyu ne faɗin da za ka tsara.

Mai kauri, yatsa ɗaya ya ishe ta,
Zobe cikin zobe za ka sarƙa ta,
Kada ka sa wuta don ka liƙe ta,
Ƙulli ya isa in ka ja ka ɗaura.

Wadda ta ɗauki magani kada ka taɓa,
Ka ji gargaɗin da 'yata ta yi wa Baba,
Ta shagon tufafi ba ta yi datti ba,
Da ita ya kamata ka fara.

Murzar ita ce ba ta koyuwa da baki, don haka idan na samu mai tafiya Umara ta jirgin ruwan Sawakin zuwa Jidda, zan ba shi kamu biyu na igiyar ya kawo maka, ka warware ta ka ga yadda aka haɗa sili biyun.