Wanda ya warke ya riƙe hannun mai jinya

A zaman da aka yi a wata fada a Damagaram kan ciwon ƙwaƙwalwa, shawara mafi ƙarfi ita ce waɗanda suka farfaɗo su ja ragamar ƙungiyar taimakon masu jinya da kansu. Saurayin da ya bar tramol, shi mai sha zai saki jiki da shi.

Aka ce a haɗu mako-mako, kan tabarma da shayi, kuma sirri ya tsaya nan. Wata uwa ta dage a haɗa da adashi, don mai ɗan jari ba ya jin ya zama kaya. Ina bayanta.

Amma ƙungiya ba ta rubuta magani. Wanda ya fara zancen kashe kansa, a raka shi babban asibiti ranar, kada a ɗaure shi da mari.