An kawo min butar shayi ta yumɓu daga Japan, kofin ya fara tsage-tsage, mi zan yi?

Ɗan Ƙofar Marusa:
Assalamu alaikum 'yan uwa, don Allah wanda ya san kan kayan yumɓu ya taimaka min. Yayana ne ya je kwas Japan ya kawo min tsaraba, wata 'yar buta ja ta ƙasa wadda ruwanta bai wuce kofi ɗaya da rabi ba, mariƙinta a gefe yake kamar na ludayi, sai kofi guda mara mariƙi, fari da ɗan ja-ja, a cikin akwatin katako mai rubutunsu a murfi. Ya ce butar ta Tokoname ce kofin kuma Hagi, iya abin da ya riƙe kenan. To sati uku ina shan shayi a kofin nan sai ga wasu layuka sirara kamar gashi sun fito a ciki sun yi ruwan ƙasa, kuma in na ɗaga shi sai in ga gindin ya jiƙa faranti. Uwargida ta ce datti ne a kawo ta sa mai soso da sabulu, 'yan majalisarmu kuma sun matsa in kawo butar a ɗora kan gawayi mu yi ataya da ita. Wallahi abin nan ya shiga raina, ba na so in ɓata shi da hannuna. Kofin ya lalace ne? Butar za ta ɗauki wuta?

Malamin Kusugu:
Wa alaikumussalam. Ɗan uwa don girman Allah kar ka ɗora ta a wuta, fashewa za ta yi ko ta tsage ta ƙasa. Sunanta kyusu, ba a dafa shayi a cikinta, jiƙawa ake yi. Ka tafasa ruwanka a butar ƙarfe, ka sauke ya huce kaɗan ya dawo kamar digiri 70 zuwa 80, ka zuba kan ganyen, minti ɗaya ya isa, sannan ka tsiyaye duka har ɗigon ƙarshe kar ka bar ruwa ya kwana kan ganye. Ganyen nan za ka iya ƙara masa ruwa sau biyu ko uku. Tokoname gari ne a yankin Aichi kusa da Nagoya, yana cikin tsofaffin garuruwan gina tukwane guda 6 da Japanawa ke ji da su, tare da Bizen, Shigaraki, Seto, Echizen da Tamba. Jan nan da ka gani ba fenti ba ne, sinadarin ƙarfe ne da ke cikin yumɓun. Cikinta ba a shafe yake da shafen nan mai sheƙi kamar gilashi ba, shi ya sa ba a sa mata sabulu, kamar dai randa, wa ya taɓa wanke randa da sabulu ya ji daɗin ruwanta? Ɗauraya da ruwan ɗumi, ka kife ta, murfi a gefe har ta bushe sarai. Kuma kar ka sa mata citta da kanumfari ko madara, ƙamshin zai kama ta ya ƙi fita.

Inna ta Daura:
Ɗana ka kwantar da hankalinka, kofinka lafiya lau, ka ce wa ɗiyata ta ajiye soson nan. Haka Hagi yake. Shafen da ke samansa dama yana da tsage-tsage tun daga wuta ido ne bai gani, shayi ne ke shiga ciki yana fito da su, kuma masu tara kayan nan abin da suke jira kenan, kofi ya yi ta sauya kala da shekaru har suna cewa sau bakwai yake rikiɗa. Garin Hagi a yankin Yamaguchi yake, asalin sana'ar magina ne daga Koriya da aka kawo bayan yaƙin da Hideyoshi, mai mulkin Japan a lokacin, ya kai can daga 1592 zuwa 1598. A wurin masu shayinsu akwai maganar da suke yi kan ire-iren kofunan da suka fi daraja, na ɗaya Raku, na biyu Hagi, na uku Karatsu, to ka ga ba ƙaramar tsaraba yayanka ya riƙo maka ba, Allah ya saka masa.
Jiƙewar gindin ma ni ba ta ba ni mamaki ba ko kaɗan. Kakata magina ce, Allah ya jiƙanta, ina yarinya in ta sauke sabon tulu aka zuba ruwa sai ka ga yana gumi ƙasansa ya yi danshi, ta ce a bar shi zai toshe da kansa, kuma ya toshe. Naka ma haka ne, in ya dame ka ka zuba masa ruwan shinkafa mai ɗan kauri ya yi wasu awanni, ka ɗauraye ka shanya a inuwa ya bushe sosai kafin ka mayar akwati, in ba haka ba zai yi warin ruma. Ni farkon da na riƙe irinsa a gidan wata ƙawata sai da idona ya kawo ruwa, don wurin da yatsan maginin ya danna yana nan a gindi, irin yadda nake ganin na kakata a wuyan tulu.

Abban Sadiya:
Inna ta gama magana. Ni ƙari biyu ne. Akwatin katakon nan kar yara su mayar da shi na wasa, rubutun murfin yawanci sunan maginin ne da hatiminsa, in ya ɓace kuɗin kofin ya ragu sosai. Ka duba ƙasan mariƙin butar ko gindinta ma za ka iya ganin ɗan tambari. In kana son gane aikin gwani, cika ta da ruwa, toshe ɗan hujin murfin da yatsa ka karkata, in murfin ya zauna daidai ruwan zai tsaya cak.
Wani abu kuma da ke ci min rai, muna ganin kayan nan kamar ba ruwansu da mu alhali akwai dangantaka. Wani magini Bature, Bernard Leach, a Japan ya koyi sana'ar, shi da wani maginin Japan Hamada Shoji suka buɗe wurin gina tukwane a Ingila a 1920, Michael Cardew ɗalibin Leach ne, shi ne ya zo ya kafa cibiyar koyon gini a Abuja ta da wato Suleja, inda Ladi Kwali ta shiga a 1954, matar da ke bayan naira 20 ɗin aljihunmu. Can magini na sa hannu a akwati ana adanawa, nan kuma muna taya tulu a kasuwa ko sunan wadda ta gina ba ma tambaya.

Ɗan Ƙofar Marusa:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Yanzun nan na gwada na murfin, wallahi ruwan ya tsaya, na ɗaga yatsa ya ci gaba da zuba, har na kira uwargida ta gani da idonta. Tambarin ma na gan shi ƙarƙashin mariƙi, ƙarami kamar ƙwayar gero biyu. Inna yau da dare zan yi na ruwan shinkafar insha Allah. Saura ganye, wanda yaya ya haɗo min ya kusa ƙarewa, Malam in na sa koren ganyen atayar nan namu na kasuwa ba tare da na dafa ba zai yi?