Kriss Akabusi: ɗanmu ne ko ɗansu?

Abu Hafsat: Jama'a, raina a ɓace yake. Jiya na sake kallon tseren miƙa sanda na mita 400 sau huɗu da aka yi a gasar duniya ta Tokyo, 1991. Kriss Akabusi ya karɓi sanda yana bayan Antonio Pettigrew, Ba'amurken da ya ci zinaren mita 400 a wannan gasar, amma ya sha gabansa dab da layi. Mai tsallake shinge fa ya kayar da zakaran gudu zalla! Na tambayi matasan majalisarmu, ba wanda ya taɓa jin sunansa. Ni dai na ce a duk masu tsallake shingen mita 400 da Birtaniya ta yi babu kamarsa, kuma abin kunya ne a ce ba mu san ɗanmu ba.

Ɗan Fage: Ɗanmu? Malam, a Landan aka haife shi a 1958. Rigar Birtaniya ya sa, tutarsu ya yafa. Ɗan wa?

Abu Hafsat: Cikakken sunansa Kezie Uchechukwu Duru Akabusi. Wannan ya yi maka kama da sunan Bature? Iyayensa 'yan ƙabilar Ibo ne da karatu ya kai su Ingila. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe.

Maman Khairat: Haihuwa daban, raino daban, Abu Hafsat. Iyayen sun dawo gida yana ƙarami, ya tashi a hannun masu riƙo da gidan kula da yara. A 1975 ya shiga sojan Birtaniya, a can aka gano ƙafarsa. Wanda ya ci da shi, ya horar da shi, ai shi ke da ɗa.

Ɗan Fage: Allah Ya biya ki, Hajiya. Kowa ya bar gida, gida ya bar shi.

Tsohon Koci: Shi bai bar gida ba, barinsa aka yi. Yaro ƙarami yana da zaɓi ne? Kar ku haɗa shi da Francis Obikwelu da ya yi wa Najeriya gudu sannan ya koma Fotugal, ko Glory Alozie da ta ci mana azurfa a gasar Olamfik ta Sidni a 2000 kafin ta koma Sifaniya. Kuma ku duba aikinsa: sai a 1987 ya koma tsallake shinge yana dab da shekara 30, a 1990 ya ci zinaren Turai a Split da sakan 47.92, ya karya tarihin Birtaniya da David Hemery ya kafa tun 1968.

Bazazzage: Koci, ka taɓo inda yake min ƙaiƙayi. Wane laifi Alozie ta yi? Ka ba 'yar wasa kulawa ka ga ko za ta tafi.

Tsohon Koci: Ban ce ta yi laifi ba, ɗana. Karanta da kyau.

Bazazzage: Ka ce "kar ku haɗa shi da su". Me ke nan in ba tsinuwa ba?

Ɗan Fage: Ni abin da ke ba ni haushi, ranar da ba a ci komai ba cewa muke "mutanen Kudu". Ranar da aka ci lamba sai su zama 'ya'yanmu. Haka aka yi da Tobi Amusan ta kafa tarihin duniya a tsallake shingen mita 100 da sakan 12.12 a 2022.

Abu Hafsat: Kai ne kake faɗin haka, ba ni ba. Ka zo da ƙabilanci cikin maganar wasa.

Ɗan Fage: Ka janye wannan kalmar. Shekarata 6 a Inugu ina kasuwanci, ka tambayi kowa.

Nana Damagaram: To mu na Nijar "namu" ɗin ya haɗa da mu ko mu koma gefe? Sannan zancen "babu kamarsa", tagulla ya samu a gasar Olamfik ta Basalona a 1992 da sakan 47.82, Kevin Young ne ya ɗauke zinaren. A wannan gasar Sally Gunnell ta ci zinare a irin tseren na mata. Shi ma Hemery zinare ya ci a Olamfik ta Meziko a 1968.

Bazazzage: Yaya Nana, bari mu gama da Koci tukuna. Har yanzu bai amsa min ba.

Tsohon Koci: Na girme wa mahaifinka, ba zan maimaita magana sau uku ba.

Maman Khairat: Don Allah a yi haƙuri, Baba. Bazazzage, sassauta harshe.

Abu Hafsat: Tunda ni na buɗe, bari in rufe. An yarda iyayensa 'yan Najeriya ne, ba wanda ya musanta sunansa, Koci kuma ya tabbatar da cewa ba shi ya guje mu ba. Masu cewa ba namu ba ne ba su kawo komai ba sai wurin haihuwa. Akabusi ɗanmu ne, kuma babu kamarsa.

Nana Damagaram: Zinare biyu na kawo maka, ka tsallake su kamar shinge.